Mu da Firamaren Unguwarmu

Mu a unguwarmu, takardar kiran taron iyaye ba ta cika isa hannun wanda aka rubuta dominsa ba. Hedimasta zai sa a buga ta tun ranar Litinin, malaman aji su raba wa yara dab da tashi, su ja musu kunne lallai a kai wa Baba. Yaro ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihun yunifom tare da guntun fensir da ragowar gyaɗar tara. Uwa ce ke tsintar ta ranar wanki, wani lokacin ma sai ta riga ta sha ruwa. In ta miƙa wa maigida da dare, ya dawo daga kasuwa a gajiye, kafin ya buɗe zai ce, "Nawa suka ce a kawo?" Saboda haka hedimastan da ya san unguwa ba ya dogara da takarda. Wurin Liman yake zuwa a yi sanarwa bayan sallar Magariba, sannan ya biya ta gidan Mai Unguwa ya kwashi gaisuwa. Maganar da aka faɗa a masallaci, kafin Lisha ta isa teburin mai shayi, kafin gari ya waye kuwa ta shiga kowane tsakar gida.

Ranar Asabar da hantsi sai ka tarar da dattawa da manyan riguna sun takure a bencin 'yan aji uku, gwiwa ta tokare tebur. Liman ya buɗe da addu'a, sakatare ya karanto abin da aka tsayar a zaman baya. Fuskokin kusan kullum su ne: tsohon malamin nan mai ritaya, wanda rabin iyayen da ke zaune shi ya koya musu baƙi da wasali, telan bakin titi, kafinta, mai kemis, ɗan A Daidaita Sahu da ya ajiye mashin a inuwar darbejiya yana ta duba agogo, domin duk awar da ya yi a zaune daga cinikinsa ta fita. Akwai kuma wani Alhaji da 'ya'yansa duk suna makarantar kuɗi, amma bai taɓa fashin taro ba. Yakan ce a nan aka fara ɗora masa biro a hannu, kuma 'ya'yan yaran shagonsa a nan suke. Waɗanda ba su samu zuwa ba, da yamma a majalisa ake ba su labari, su kuma su kawo nasu gyaran. Ba na ganin laifinsu ƙwarai. Mai neman abin da za a ɗora a tukunya yau, Asabar da Litinin duk ɗaya ne a wurinsa.

Ba a jimawa ake isowa kan maganar kuɗi, kuma da an iso sai wani ya miƙe daga bencin baya. "Allah ya gafarta Malam, ni fa ban gane ba. Ba cewa aka yi ilimi kyauta ne ba? Da kunnena na ji a rediyo." Kuma gaskiyarsa. Tun 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Har ta tanadi hukunci: wanda ya karɓi kuɗin makaranta ana iya cin sa tarar da ta kai N10,000 ko ɗaurin wata uku, uban da ya ƙi sa ɗansa kuwa a karon farko a ja masa kunne, a na biyu tarar N2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. A nan Kano ma an sake shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Mai tambayar nan bai ƙirƙiri komai ba, abin da aka faɗa masa yake maimaitawa.

Hedimasta shi ma da tasa gaskiyar. Sai ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ni ban ce kowa ya biya kuɗin makaranta ba, ba ni ma da ikon faɗin haka. Amma don Allah taso mu leƙa aji huɗu." A aji huɗun, rabin yaran a kan buhu suke zama, allo ya koɗe har alli ba ya kama shi, tagogi biyu babu marfi. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35, amma duk wanda ya taɓa leƙa firamaren cikin gari ya san ana ninka wannan sau biyu, har sau uku. Kuɗin gini daga Abuja da jiha yake fitowa, kowa da kasonsa, kuma layi yake bi mai tsawo kafin ya iso ga makaranta ɗaya a cikin dubbai. Alli kuwa gobe da safe ake bukatarsa.

Na daɗe ina sauraron wannan ja-in-ja, kuma abin da na fahimta shi ne ba rowa ke damun mutanenmu ba. Mutumin da zai ɗaga jijiyar wuya a kan N200 ta makaranta, shi ne zai zaro N2,000 gudunmawar biki ba wanda ya roƙe shi. Tsoronsa shi ne kuɗi ya shiga inda ba a ganin fitarsa, domin ya sha bayarwa a wurare daban-daban bai ga komai a ƙasa ba. Abin da ya kwantar da wannan ƙura a wurinmu ba wani abu mai wuya ba ne. Aka ce malami ba zai ƙara taɓa kuɗin iyaye ba. Ma'aji daga cikinmu ya fito, mai kemis ne, da littafinsa da rasit ɗinsa. Abin da za a ba da gudunmawa ce, wanda ba shi da hali ba a korar ɗansa, ba a kiran sunansa a gaban yara, maraya kuwa ba a ma tambayarsa. Sannan a kowane zama ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a kan allo, da manyan baƙi, har kuɗin ƙusa da na ɗan dakon da ya kawo ta. Wanda bai iya karatun boko ba, na kusa da shi ya karanta masa. Tun daga lokacin gardama ta ragu, abin da ake tarawa kuma ya ƙaru.

Ranar da muka gane amfanin haka ita ce ranar da iskar farkon damina ta yaye rufin ajujuwa biyu. Da asuba aka tarar da kwanon a lanƙwashe a kan bishiyar maƙwabta, katakon ya karye, rajistar aji ta zama dama-dama. Aka rubuta takarda zuwa sama, kamar yadda doka ta ce, aka zauna jira. Yaran ajujuwan biyu aka gwamutsa su da wasu, ɗaki ya cika har bakin ƙofa, malama tana koyarwa a tsaye a jikin allo ba ta da wurin juyawa. Da hadari ya taso sai a sallami kowa. Ana cikin haka kafinta ya miƙe a taro ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai 'yata na cikin ajin nan. In za a samo kwano da katako, aikina na bar wa Allah." Alhajin nan mai 'ya'ya a makarantar kuɗi ya ɗauki bandir biyu na kwano, asusun iyaye ya sayi katako da ƙusa, aka tsayar da Lahadi a yi gayya.

Wanda bai ga aikin ran nan ba ya yi asarar kallo. Samarin ƙungiyar ƙwallon unguwa, waɗanda kullum ake ƙorafin ba sa komai sai zaman banza, su suka yi ta miƙa kwano sama. Kafinta na bisa, ƙusa uku a bakinsa, fensir a bayan kunne, yana magana ta gefen leɓe. A ƙasa wani dattijo ya zauna da guduma da dutse yana miƙar da tsofaffin ƙusoshin da aka zare daga karyayyen katako, yaran aji shida na tsinto masa su a gwangwanin madara. Ya ce ƙusa ba ta tsufa, hannu take jira. Da rana ta take sai ga bokitan kunun tsamiya da ƙosai suna fitowa daga gidaje, an lulluɓe da faifai, ba wanda ya aika a kawo. Kafin La'asar an rufe aji ɗaya, mako na zagayowa aka ƙarasa ɗayan. Wasu a majalisa suka ce mun sauke wa gwamnati nauyinta, gobe ma sai ta bar mana. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ba mu janye takardarmu ba, muka ma ƙara da wata mai ɗauke da lissafin abin da muka kashe da jerin abin da ya rage. Amma ni a ganina, ba a barin yaro ruwa na dukansa don a nuna wa hukuma kuskurenta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne me ya sa sai rufi ya tashi muke tunawa makarantar nan tamu ce. Dubi yadda muke yi da Islamiyya da makarantar allo. Kuɗin Laraba ba a rubuta mana takarda a kansa, ba ma neman rasit. Malamin allo mun san sunansa, mun san gidansa, da azumi muna aika masa da hatsi da sukari. Ranar sauka a yanka rago, a ɗinka wa yaro sabon kaya, a buga kalanda, dangi su zo daga nesa. Wannan kuwa daidai ne, Allah ya ƙara mana himma a kai. Amma yaron nan dai shi ne zai gama aji shida, uban bai san ko malaminsa namiji ne ko mace ba.

Tsohon malamin nan mai ritaya ya fi kowa iya bayanin dalili. Yakan ce allo daga cikin gida ya tsiro, boko kuwa daga sama aka sauko mana da shi. Tun lokacin da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta nan Kano a 1909, ta hannun sarakuna ake karɓar yara, kuma kowa ya ji labarin kakannin da suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an ce ga masu ɗaukar 'yan makaranta nan tafe. Da aka zo 1976, zamanin shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, gwamnati ce ta gina ajujuwa, ta ɗebi malamai, ta raba littattafai, ta ce ku dai ku turo yara. Muka turo, muka koma gefe. Shi kansa a guguwar UPE ɗin aka ɗauke shi koyarwa, kuma ya ce a shekarunsa na farko uba ba ya taka harabar makaranta sai in zai cire ɗansa. Abin da aka gina ba da kai ba, da wuya ka ji ciwon tsagewarsa. Hukuma ma daga baya ta gane haka, shi ya sa aka ce kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa, wanda ake kira SBMC, a sa mai unguwa da liman da mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a, har da wakilan yaran kansu. A wurinmu dai mutanen ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, kusan su ne mutanen kwamitin, sai dai a canja littafin rubuta bayanin taro.

Sai dai duk wannan da nake faɗa, rabin labari ne, domin shekara da shekaru taron iyaye taron maza ne zalla. Alhali wa ke tashin yaro da safe? Wa ke wanke yunifom, ya nemo takalmin da ya ɓata a ƙarƙashin gado, ya ƙulla kuɗin tara? Wa ya san yau yarinya ta dawo tana kuka? Uba ya fita tun sassafe, sai dare. Mu mazan muna zaune muna yanke shawara a kan abin da matanmu suka fi mu sani nesa ba kusa ba. Wata malama ce, 'yar unguwa, ta kawo shawarar a ware wa mata nasu zaman, ranar Alhamis bayan La'asar, tunda ran nan babu Islamiyya, kuma malamai mata kaɗai za su zauna da su. Liman ya sa baki a masallaci cewa magidanta su ba da izini. Wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ta ce su a can sun daɗe da ƙungiyar iyaye mata a makarantu, kuma a nan gida ma an kafa irinsu a Katsina da Sakkwato da Zamfara da Bauchi da Neja ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta tallafa.

Abin da ya fito daga zaman farko ya sa mu mazan jikinmu ya yi sanyi. Mu muna ta maganar fenti da allon suna a bakin ƙofa, su kuwa maganar farko da suka kawo ita ce banɗaki. Wata uwa ta ce, "Malama, 'yata ta fara girma. Makewayi ɗaya ne, ƙofarsa ta cire, maza na wasa a gabansa. Tun safe take riƙe fitsari har a tashi. Yaya zan ce mata dole ta je?" Wata ta ce nata yaran gida suke dawowa shan ruwa lokacin tara, daga nan kuma ba sa komawa. Wata ta kawo maganar masu sayar da abinci a bakin makaranta, ƙuda na bin awara a buɗe. Ashe dalilin da ya sa 'yan mata ke raguwa daga aji biyar ba a ɓoye yake ba, tambayar waɗanda suka sani ne ba a yi ba.

Maganar talla kuwa a nan aka yi ta ba kunya ba tsoro, kuma na ji daɗin yadda aka yi ta, domin na gaji da jin masu zagin iyaye mata a kan talla ba tare da sun san cikin gidan ba. Mace na cikin gida, ba ta fita, sana'arta ƙosai ko dafa-duka ko ƙulle-ƙullen kayan miya. Ƙafarta ita ce 'yarta. Da ribar nan take cike gibin cefane, da ita take zubin adashin kayan ɗakin yarinyar nan dai da ake cewa ta zalunta. In ka ce mata ta daina, ka faɗa mata wa zai kai kayan bakin titi. Matan da kansu suka nemo mafita. Wata tsohuwa da ba ta da mai taimaka mata ta karɓi tallan safe na gidaje uku, tana zama da shi a bakin makaranta a cikin bokiti mai murfi, ana ba ta ladanta. Wasu suka mayar da sana'arsu ta yamma. Ba duka aka shawo kai ba, har yanzu akan ga yarinya da faranti a ka ana tsakiyar darasi, amma yanzu akwai matan da za su shiga gidan su yi sallama, su zauna a tabarma, su ce, "Yaya, mun ga kwana biyu ba a ga 'yarmu a aji ba, lafiya dai ko?" Abin da hedimasta ba zai iya ba ke nan, ko da ya rubuta takarda goma. Sun kuma buɗe wani ɗan adashi, duk wata kwasa ɗaya ta tafi ɗinkin yunifom da hijabi na marayu, tela kuwa kuɗin zare kawai yake karɓa.

Akwai wata kaka a layinmu da nake so kowane uba ya gani. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko. Amma kullum jikanta ya dawo, kafin ya ci abinci sai ta ce, "Kawo littafin." Ta buɗe, ta lashi yatsa, ta juya zuwa shafin ƙarshe. Jiya ta sa alama da ɗan tsinken tsintsiya a inda rubutu ya tsaya. In yau rubutu ya wuce tsinken, ta san an yi karatu. In ta ga jan biro, ta san malami ya duba. In kwana biyu tsinke bai motsa ba, sai ta yafa mayafi ta nufi makaranta, ta gaida hedimasta ta ce, "Ɗana, yaron nan ne ba ya zuwa, ko malamin ne ba ya shiga?" Ba a taɓa rasa amsa ba, kuma ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Ita ce ma sanadin abin da ya fi girgiza mu. Ta ce ita ta ga rubutu na ƙaruwa, amma da ta ba yaron takardar asibiti ya duba mata ranar komawa, sai ya tsaya yana kallonta. Aka kawo maganar taro, tsohon malami ya ce a kira yara biyar daga aji huɗu, ba zaɓe, a ba su Magana Jari Ce su karanta layi biyu-biyu. Biyu suka karanta, ɗaya ya yi ta haɗa baƙi yana tuntuɓe, biyu suka sunkuyar da kai. Ɗakin ya yi tsit. Ashe kwafa suke yi daga allo, harafi bayan harafi, ba su san abin da suke zanawa ba. Ba a zagi kowa ba ran nan, domin malamar da yaran ajinta suka fi ƙarfin ido, ta yaya za ta saurari karatun kowa? Uba kuma da bai taɓa cewa ɗansa "karanta mini" ba, da wane baki zai yi faɗa?

Da aka zo neman lokacin da za a taimaka musu, sai muka ga ranar yaron a cike take. Da asuba allo, da safe boko, da yamma Islamiyya, bayan Magariba karatun dare, ga aike, ga ɗiban ruwa. Sai aka dubi yammacin Alhamis da na Juma'a, da babu allo babu Islamiyya. Zaure uku aka samu, ɗaya na Mai Unguwa. 'Yan sakandare da masu jiran sakamakon jarrabawa su ke zama da ƙannensu, a fara da Hausa, ba, bi, bu, har yaro ya iya haɗa kalma ya ji ma'anarta a kunnensa, sannan a taɓa Turanci da lissafi. Tsofaffin ɗalibai suka sayo littattafai, ana ajiye su a akwatin ƙarfe a gidan Mai Unguwa. Ranar da yaron kakar nan ya karanta mata shafi guda ba tsayawa, har gidajen maƙwabta ta zaga da shi.

Tsakaninmu da malamai ma sai da aka yi gyara. A da in malami ya hori yaro, uba ƙarawa yake yi a gida. Yanzu kuwa an sha ganin uba ya faɗo aji a fusace yana nuna malama da yatsa a gaban ɗalibanta, an kuma sha ganin yaro ya dawo gida da shatar bulala da ta wuce horo. Duka biyun ɓarna ne. Aka tsayar cewa mai ƙorafi ba ya wucewa aji, wurin shugaban iyaye zai je, su tafi ofishin hedimasta tare, a kira malamin a ji ta bakinsa. Maganar makara kuma dattawa suka ɗauka. Biyu daga cikinsu sukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar bakin ƙofa da safe, da carbinsu. Ba sa rubuta sunan kowa, ba sa faɗa. Gaisuwa kawai: "Malam, barka da isowa, an tashi lafiya?" Malamin da dattijo sa'an mahaifinsa ya gaida da ƙarfe tara, gobe da wuri zai zo. Amma zaman nan ya koya wa dattawan su ma wani abu. Sun ga malamar da ke hawa mota biyu kafin ta iso, sun ji abin da kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, sun san akwai masu NCE biyu da ke koyarwa ba albashi, sai ɗan abin da asusun iyaye ke ba su a ƙarshen wata, wanda ko kuɗin sabulu bai kai ba. Tun daga nan, in azumi ya zo, buhun da ake haɗa wa malamin allo ana haɗa irinsa a kai ofishin malaman firamare.

Yanzu abin da ke gabanmu shi ne katanga da banɗaki, kuma an kai ruwa rana a kan wanne za a fara. Masu son katanga suna da hujja: awaki na kwana a aji, 'yan jari-bola sun cire marfin taga, da dare wasu samari na mayar da bayan ajujuwa wurin shaye-shaye, ga wani maƙwabci da shagonsa ke ta matsowa cikin filin wasa taku bayan taku. Baba maigadi tsoho ne, shi kaɗai, da sanda da tocila. Matan kuwa suka aiko da wakilai biyu zauren maza, karon farko ke nan, suka zauna daga gefe, babbar cikinsu ta ce, "Iyayenmu, katanga za ta tsare taga. Mu 'ya'yanmu mata muke so su kai aji shida." Mai Unguwa ya dubi Liman, Liman ya dubi hedimasta, aka ce a fara da banɗaki, ƙofa huɗu, biyu na mata a can ɓangaren da ba ya kallon filin ƙwallo, da randar ruwa da buta a bakin kowanne. Maganar shagon da ke cin fili kuma Mai Unguwa ya ce a bar masa, zai kai ta gaban Dagaci da takardar filin a hannu.

Mai gidan bulo ya yi alkawarin ragi, birkila ya ce zai karɓi rabin lada, ma'aji ya buɗe sabon shafi a littafinsa. An yanka wa kowane gida bulo biyar, mai hali ya ƙara. An sa Asabar ta biyu bayan dawowa hutu za a haƙa rami, kuma Mai Unguwa ya ce wanda ba shi da kuɗin bulo kada ya ɓuya a gida, ya zo da shebur ko diga.